Kuɗin ƙungiyarmu ta Amurka ya gagare ni biya daga Kano

Assalamu alaikum. Ina jami'a a Amurka na shiga ƙungiyar ɗalibai mata, irin masu sunan haruffan Girka. Na dawo Kano, amma kuɗin shekara da dala ake biya. Farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500, albashina kuwa bai motsa ba.

Sau uku na gwada katin naira, shafin ya ƙi karɓa. Na sayi dala a Wapa na zuba a asusuna, aka ce adireshin katin bai dace ba. Na rubuta wa ma'aji, shiru. Ƙarshen wata za a ci ni tara.

Don Allah, ta wace hanya kuke biyan irin wannan kuɗi daga Najeriya?