Hoton ciki ya nuna namiji bayan mata shida, amma hankalina bai kwanta ba

Maman Shida, Argungu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ban saba kawo maganar gidana fili ba, balle ta ciki, amma wannan ta tsaya mini a rai.

Shekarata 16 da aure, Allah ya ba ni 'ya'ya shida, duka mata. Babbar shekararta 14. Gidanmu babban gida ne: maigidana, ƙannensa uku da matansu, da Inna mahaifiyarsu. Mun haura mutum talatin. Facalolina duk suna da maza. Ba wanda ya taɓa goranta mini, amma duk ranar barka sai na ji "Allah ya raya, Allah ya kawo na bayanta namiji."

Makon jiya na je awo aka tura ni hoto, ciki wata biyar da 'yan kwanaki. Mai hoton ya shafa mini man nan mai sanyi, ya ce zuciya na bugawa lafiya, sai ya tambaye ni ko ina son sani. Na ɗan yi shiru kafin na ce eh. Ya juyo da allon ya ce, "Hajiya, namiji ne in sha Allahu." Da dare maigidan ya dawo daga fadama na faɗa masa, ya yi sujjada nan tsakar ɗaki. Na roƙe shi ya riƙe maganar, amma kafin azahar ta kai kunnen Inna. Yanzu ta ware ɗan rago ta ɗaure gindin darbejiya tana ba shi dusa da harawa, yaran gida kuma suna kiran cikin Tanko.

Shekaranjiya babbar ɗiyata tana taya ni tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Umma, ni ma an ɗaure mini rago tun ina ciki?" Wallahi na rasa abin cewa.

Don Allah hoton nan yana kuskure? Kuma yaya zan yi da zuciyar yaran nan?

Ungozoma, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Allah ya raba lafiya. Daga mako 18 zuwa 20 al'aurar jariri takan fito sosai a hoto, don haka a wata biyar da ɗoriya kuskure ba shi da yawa. Amma yana faruwa. Igiyar cibiya na iya ratsawa tsakanin cinyoyi a ɗauka namiji ne, ko yaro ya harɗe ƙafa, ko na'urar ta tsufa. Ki ce wa Inna a ci gaba da cewa in sha Allahu.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Ba don sanin jinsi muke tura mata hoto ba. Muna duba inda mabiyiya ta zauna, yawan ruwa, girman yaro, da ko tagwaye ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, a yi hoto ɗaya kafin mako 24. Ke kuma haihuwa ta bakwai za ki yi, mahaifa ta sha aiki, haɗarin zubar jini bayan haihuwa ya fi na da. Ki sha maganin ƙarin jininki, ki kwana cikin gidan sauro tunda kuna kusa da fadama, ki haihu a asibiti. Kuɗin mota da wanda zai ba da jini idan an buƙata, a tanade su yadda aka tanadi ragon.

Sannan ki sani ƙwayar halittar da ke raba jinsi iri biyu ce, ana kiransu X da Y, kuma ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X a samu mace, ko Y a samu namiji. Shidan nan ba gazawarki ba ce, ba ma gazawar kowa ba.

Baban Huɗu, Gusau

Baiwar Allah, 'ya'yana huɗu ne, duka mata, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Ki duba Suratush Shura aya ta 49 da 50, inda Allah ya ce yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza. Matan ya fara ambata. A cikin Sahihu Muslim kuma an yi wa wanda ya reni 'ya'ya mata biyu har suka balaga bushara da kusanci da Manzon Allah (SAW) ranar alƙiyama. Ku shida gare ku. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ragon suna ɗaya ne, mace ko namiji.

Amma tambayar yarinyar nan ba ke ya kamata ki amsa ba. Murnar ubanta ta gani, daga bakinsa take son ji. Ki sa shi ya zauna da ita.

Goggo, Jega

Ɗiyata, ni ce ta biyar cikin mata kafin a haifi ƙanenmu, yau na haura sittin ban manta ba. Ba ragon suna ne ya yi mana ciwo ba, abin da ya biyo baya ne. Tsokar da ta fi girma tasa ce, shi ba a aikensa, da kuɗin makaranta ya yi wuya mu aka zaunar. Shi kansa bai ji daɗin hakan ba da ya girma, don sai da ya yi aure kafin muka saba da shi.

Kada ki hana Inna murnarta, ta daɗe tana jira. Ke dai ki sa ido bayan suna. Ki ba babbar aikin zaɓen kayan jariri, ta ji nata ne.

Maman Shida, Argungu

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na karanta wa maigidan amsoshinku, ya daɗe bai ce komai ba. Da safe bayan ya dawo masallaci ya kira babbar, ya zaunar da ita kan tabarmarsa. Ina daga madafa ina jinsu. Ya ba ta labarin yadda ya sayar da buhun shanshera biyu ya sayo ragon sunanta, da yadda ya kasa barci daren da aka haife ta, yana zagaye ƙofar ɗaki don kunyar Inna ta hana shi shiga ya ɗauke ta. Ta yi kuka, ni ma haka.

Ranar Juma'a ni da ita za mu shiga kasuwa sayen kayan jariri, ta ce ita za ta zaɓi tawul. Anti ungozoma, Litinin mai zuwa zan koma awo, ƙanen maigidan kuma ya yarda a gwada jininsa.