An sa ni cikin amintattun laburaren garinmu, ina iyakar hurumina?

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamar firamare ce a wani gari da ke ƙasar Katagum. Shekara uku ke nan da ƙungiyar ci gaban garinmu ta gyara wani tsohon gini ta mai da shi laburare, aka zuba littattafan da wani dattijo ya bari wakafi da waɗanda 'yan garin mazauna Bauchi suka haɗo. Watan jiya aka sa ni cikin kwamitin amintattu. Mu bakwai ne, ni kaɗai ce mace.

Ranar Talata da misalin ƙarfe uku na biya ta wurin, sai na tarar da 'yan mata biyar masu shirin JAMB zaune a kan dakali, littafi a cinya, ga kwaɗo a ƙofa. Ashe ƙarfe biyu ake rufewa, daidai lokacin da ake tashi daga boko. Raina ya ɓaci, na kira matashin da ke kula da wurin na yi masa faɗa a gabansu. Washegari shugabanmu ya ce na wuce gona da iri. Amma wani ɗan kwamitin ya kwashe littattafan hikayoyin Hausa ya zuba a buhu ya ce suna ɓata tarbiyya, ba wanda ya tanka masa. Don Allah mene ne aikin amintacce, kuma ina zan tsaya?

Tsohon ma'aikacin laburare, Jahun: Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya saka miki da wannan kishi. Amma shugabanku yana da rabin gaskiya. Amintacce shi kaɗai ba shi da iko a kan ma'aikaci, ikon na zaman kwamiti ne. Abin da aka yanke aka rubuta a littafin taro, shi ake miƙa wa mai kula da wurin ta baki ɗaya. In mutum bakwai kowa na ba shi umarni, ƙarshenta ba zai bi na kowa ba.

Ɗaya rabin kuwa naki ne. Lokacin buɗewa da rufewa tsari ne, tsari kuma aikinku ne, kamar yadda kasafin kuɗi da ɗaukar ma'aikaci da duba aikinsa suke naku. Jera littafi a kanta, bayar da aro, bin wanda bai dawo da shi ba, wannan nasa ne. Ki sa a saka maganar cikin ajandar zama na gaba. Kafin nan ki roƙi a ajiye rajista a bakin ƙofa, duk wanda ya shiga ya rubuta suna da lokaci. Bayan wata guda ku duba. Na ga inda aka yi ta musu a kan buɗewa ranar Asabar, rajistar nan ce ta raba gardama. Kuma ki tambaya, ana biyan yaron nan kuwa?

Wata 'yar'uwa daga Pantami: Anti, ki fara ba shi haƙuri. Faɗa a gaban ɗalibai yana da ciwo, gobe ba za su ji maganarsa ba.

Lauya, Gombe: Malama, laburarenku ba irin na gwamnati ba ne, wanda hukumar laburare ta jiha ke riƙe da shi bisa dokar da ta kafa ta. Naku na al'umma ne, don haka tambayar farko ita ce: kun yi rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa? Sashen F na dokar kamfanoni ta 2020 ya tanadi rajistar amintattu. Ana buga sunayenku a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi, sannan duk shekara ku miƙa rahoto. Da wannan takardar za ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, a riƙa sa hannun mutum biyu kafin kuɗi su fita. Kada kuɗin katin mamba su kwana a aljihun kowa, komai amanarsa. Ki nemi kundin tsarin mulkinku ki karanta, ki kuma nemi jerin littattafan wakafin nan a rubuce.

Wani magidanci, Misau: Ni fa ina bayan mai buhu. Wasu littattafan nan ba su dace da yara ba.

Tsohon ma'aikacin laburare, Jahun: Malam, damuwarka a kan hanya take, amma ba a gyara ta da buhu. Kwamiti ya rubuta ƙa'idar zaɓen littafi: me ake saye, me ake karɓa kyauta, wanne ne na sashen yara, wanne na manya. Mai ƙorafi ya kawo sunan littafin da shafin, a zauna a duba. Matan aure da yawa da hikayoyin nan suka saba da karatu, in ka kwashe su gaba ɗaya ka sallami rabin masu zuwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, tambayarka ta hana ni barci, da safe na je na sami matashin nan mai kula da wurin. Na ba shi haƙuri, ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Wata huɗu ke nan ba a ba shi alawus ba, shi ya sa yake rufewa da wuri ya tafi shagon POS na yayansa. Ni da nake cikin masu biyansa ban sani ba. Na rubuta wa sakatare takarda a sa abu uku a zaman Lahadi: bashinsa, buɗewa har la'asar sakaliya, da dawo da buhun nan. Barista, in ya zamana ba mu da rajistar, wa ya kamata ya fara tayar da maganar, ni ko sakatare?