Shawarwarin masu ƙara wa furosesa gudu

Abin da bakin masu harkar ya zo ɗaya a kai shi ne a bi a sannu. A ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudun megahaz 100 a BIOS (shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi), a gwada, sai furosesa ta fara tuntuɓe sannan a ɗaga boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba ta, da 0.01V.

Kunnuwar Windows ba shaida ba ce cewa saitin ya zauna. A cikin manhajojin gwada furosesa, Cinebench gwajin sharar fage ne kawai; Prime95 da OCCT ne ke tona asiri. Wasu sun ce awa biyu ta isa, wasu suka dage sai an kwana ana gwaji. Na fi karkata ga na biyun, domin kuskuren lissafi kan ɓuya ya lalata fayil ba tare da allon ya yi shuɗin da Windows ke nunawa in ta samu matsala ba. A leƙa manhajar sa ido ta HWiNFO a duba kurakuran WHEA (kurakuran kayan na'ura da Windows ke rubutawa) da zafin furosesa, kada ya daɗe sama da digiri 85 na Celsius.

Kan boltej aka fi ja-in-ja. Lambar boltej da aka sa a BIOS daban, wadda ke isa furosesa lokacin aiki daban, kuma LLC (saitin da ke rage faɗuwar boltej lokacin aiki) mai tsanani na sa ta yi tsalle. Yawan boltej ne Intel ta ɗora wa laifin lalacewar furosesocinta na zubi na 13 da 14 a 2024.

In kwamfuta ta ƙi tashi, a share CMOS, wato ma'ajiyar saitin BIOS, don ya koma na asali.