Neman kalma: me za mu kira "pace" a wasan gem?

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun jiya, na ce bari in kawo ta gabanku. Ina rubuta sharhi ne kan abin da ke sa wani gem ya yi daɗin gasa har ya tara 'yan kallo, wani kuma ko kyauta aka buɗe ƙofa ba mai leƙawa. Sai na yi karo da kalmar Turancin nan, pace. Na rubuta "sauri", na goge. Na rubuta "gudu", na goge. Har yanzu gurbin a buɗe yake.

Na fara tambayar ƙanena, wanda kusan a gidan gem ɗin unguwarmu yake wuni. Ko ɗago kai daga waya bai yi ba ya ce, "Haba Yaya, ai gudu ne. Ba ka ga na Mbappe 97 ba?" Gaskiyarsa, amma wannan makin gudu ne na kan katin ɗan wasa a gem ɗin ƙwallon ƙafa na FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023. Wannan gudu ne, ba gardama. Akwai kuma wurin da ake saita wasan ya tafi a hankali, ko daidai, ko da sauri. Shi ma ba wahala, saurin wasa. Na ukun ne ya gagare ni.

Ga abin da nake nufi. A gem ɗin harbi na Counter-Strike 2 mutum biyar ne ke karawa da biyar. Kowane zagaye minti 1 ne da daƙiƙa 55, in aka dasa bam kuma sai a ƙirga daƙiƙa 40. Sau da yawa minti guda zai wuce ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Wannan ya laɓe a bayan akwati yana sauraren motsin ƙafa, wancan ya jefa hayaƙi ya ja da baya, kowa na jiran wani ya yi gangancin leƙowa. Can sai ka ga cikin daƙiƙa biyar mutum huɗu sun zube, zagaye ya ƙare. To wannan wasan mai sauri ne ko marar sauri? In ka ce mai sauri, minti gudan nan na laɓe ya ƙaryata ka. In ka ce marar sauri, wanda ya ƙifta ido ya rasa komai zai yi maka dariya. Kuma daɗin kallon yana cikin jiran ne. A lokacin ne ɗan kallo yake gane dabarar da ake ƙullawa, mai sharhi ya sami sararin yin bayani, gaban kowa ya riƙa faɗuwa. Da a ce harbi ake yi ba tsayawa, da ba a bambance gwani da mai sa'a ba.

Wani abu kuma: da kamfanin Valve ya fitar da wasan a 2023, ya rage zagayen da ake buƙata a ci daga 16 na tsohon salon wasan zuwa 13. Ba a ƙara wa kowa gudu ba, amma wasa ya taƙaita, kuskuren farko ya ƙara tsada, damar farfaɗowa bayan an yi maka nisa ta ragu. Abin da ya canza ɗin nan shi nake neman sunansa.

Bayan na jefa tambayar, wani ɗan uwa ya rubuto cewa in sa "hanzari". Na gode, amma hanzari ɗan'uwan sauri ne, gefe ɗaya kawai yake kallo. Ba a cewa hanzarin wasan nan a hankali yake. Muna son kalmar da za ta ɗauki mai gaggawa ta kuma ɗauki mai jan ƙafa.

Wasu biyu sun ce "zafin nama". Wannan zan ajiye shi, don yana da wurinsa. 'Yan gem ɗin dabarun yaƙi na StarCraft a Koriya ta Kudu da ke danna maɓalli sama da sau 300 a minti guda, zafin nama ke nan. Sai dai siffar ɗan wasa ce, ba ta wasan ba.

Wani Malaminmu da ke koyar da Hausa ya kawo "kari", irin na karin waƙa, wato yadda gaɓoɓi ke hawa da sauka bisa tsari. Malam, Allah ya ƙara ilimi, ta fuskar ma'ana wannan ta fi duk waɗanda suka gabata kusa. Uzurina ɗaya ne. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa, "k" da "ƙ" duk ɗaya ne a wurinsu. Ran da na rubuta "karin wasa", rabin masu karatu ƙarin lokaci za su fahimta, su ɗauka an tashi canjaras ne. Na yi ta juya ta, ban ga yadda za ta tsira a hannun yaran Facebook ba.

"Tafiyar wasa" ma an ambata. Ba laifi, sai dai ta yi faɗi, komai na iya shiga cikinta har da wanda ke kan gaba.

Bayan la'asar na je gaida Kawu, wanda ya yi shekaru yana kiwon dawaki kuma bai taɓa riƙe gem ba. Na kwatanta masa abin iyakar iyawata. Ya ce, "Kai dai yaro, taku kake nufi." Ya ce doki na da tafiya, yana da sassarfa, yana da sukuwa, mahayin kirki kuma shi ne wanda ya san inda zai saki linzami da inda zai ja. Wanda ya fita da sukuwa tun daga ƙofar gida, dokinsa ba ya kai shi fili. Na yi shiru, don abin da na kwana ina nema ke nan.

Ku duba dambe. 'Yan dambe biyu za su daɗe suna zagaya juna, hannu ɗaya a miƙe yana auna tazara, wanda aka naɗe yana baya, kalangu na tashi, ba wanda ya kai bugu. Sai farat ɗaya a yi kisa. Ba mai cewa an ɓata masa lokaci, zagayen ne ya sa kisan ya yi armashi. Kuma dama muna cewa wane ya iya taku, muna nufin ya san lokacin matsawa da lokacin dakatawa. Kalmar tana ɗauke da dabara a cikinta, abin da "sauri" ba ta da shi.

Na gwada ta a kan wasannin da yaranmu suka fi bugawa, na harbi inda wanda ya rage a ƙarshe ke cin wasa. Free Fire mutum 50 ne, kusan minti 10 an gama. PUBG Mobile mutum 100 ne, a babbar taswira irin Erangel kuma ana kai wa wajen rabin awa. A duka biyun da'ira ce ke matsewa tana koro mutane wuri ɗaya, don kada kowa ya kwanta a ciyawa har gari ya waye. Da'irar nan ita ke riƙe da linzamin taku. Sai in ce takun Free Fire ya fi zafi, na PUBG ya fi sanyi a farko sannan ya ɗau zafi a ƙarshe. Mai ƙaramar waya, data na ƙarewa, caji saura kashi 20, wuta kuma ba tabbas, kun san wanda zai zaɓa. Ni dai a kallon gasa na fi son mai sanyin, don ina ganin yadda ƙungiya ke zaɓen inda za ta sauka da lokacin da za ta tashi da mota. Ƙanena ya ce tsufa ne.

Ga sauran jimlolin da na gwada, ku ji ko sun zauna a kunne. Sun ci biyu sai suka sassauta taku. Bayan hutun rabin lokaci suka ƙara taku. An karya musu taku. Wasan ya koma bisa takunsu. Sabon salon da kamfanin ya fitar ya sauya takun wasan. Ba wadda na ji ta yi mini warin fassara.

Wata 'yar'uwa ta tuna mini cewa a rubuce "taku" ta yi kama da ta mallaka, kamar a ce mota taku ce. Haka ne Hajiya, amma da an ce "takun wasa" ko "ƙara taku" ruɗanin ya kau, ba kamar na "karin wasa" ba da ke fitar da wata ma'ana daban a cikin maganar wasan kanta.

Don haka a sharhin nawa zan raba su uku: gudu na ɗan wasa, saurin wasa na saiti, takun wasa kuma na yadda ake cuɗa gaggawa da jira. Malam ya sake rubutowa ya ce ya amince, amma in tanadi "kari" don gem ɗin kiɗa da rawa, na ce an gama. Saura 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke buga nasu da Faransanci. In akwai abin da kuke cewa a gidajen gem ɗinku wanda ya fi wannan, ku kawo kafin Juma'a, ranar zan miƙa rubutun.