Wace 'yar MP3 zan saya wa Baba?

Autar Baba: Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina so in saya wa Babanmu 'yar ƙaramar MP3 ta jin tafsiri da karatu, idonsa ya yi rauni sosai yanzu baya iya bin rubutun waya. Na ga wata siririya a intanet mai allon shafawa an yi mata ragi kusan rabin kuɗi, kyakkyawa wlh. In ɗauka?

Bazazzagi: Wslm. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kar ki ɗauka.

Uwar Biyu: Me zai hana ki zuba masa a mamori ki sa a ƙaramar waya kawai?

Autar Baba: Anti mun gwada, da an kira shi karatun ya yanke shikenan sai ya jira wani ya dawo daga makaranta ya mayar masa

Ɗan Sahu: Ƙanwata tsaya ki ji nawa kafin ki tura kuɗinki. Bara na sayi irin wadda kike faɗa, ita ma ragin ne ya ja ni, hoto kamar 'yar iPhone, da ta iso ko sunan kamfani babu a jikinta. Ni don aiki na saya, in sa a aljihun gaba ina tuƙi ina jin wa'azi. To matsala ta farko abar bata da makulli, ko rigata ta goge ta sai ta tsallake, ina tsakiyar tafsirin awa biyu sai in ji ta koma wani abu daban. Ta biyu kuma wadda ta fi ci min rai, in ka kashe ta bata riƙe inda ka tsaya, kullum daga bismilla za ta faro, kuma turawa gaba sai ka danne yatsa a kan gilashi kana jira tana ja kamar hawainiya, in ka saki da wuri ta faɗa fayil na gaba. Ga zufa, in hannunka da gumi ko maiƙo bata ma san ka taɓa ta ba. Ƙara da rage murya ma sai ka kunna allo ka nemo. Ni da nake da idona kenan fa, ina ga dattijon da zai lalubo da hannu cikin dare? Wata na uku batirin ya kumbura har bayanta ya ɗago, na kai gyara aka ce a manne yake babu irinsa. Kuɗin nan har yau yana min ciwo, don a satin ne na fasa sayen taya.

Bazazzagi: Bakano da son banza, da an ce ragi sai jiki ya hau rawa 😂

Ɗan Sahu: Kai dai bawana ne, yi shiru manya na magana

Mai Gyaran Waya: Hajiya ga dattijo ki nemi irin rediyon nan mai cin mamori da filashi, mai sifika a jiki da madannai manya da za a ji su da yatsa. Ki tabbatar batirinta BL-5C ne irin na tsohuwar Nokia ko kuma 18650, in ya mutu ki cire ki sa wani, ko'ina ana samu. Akwai masu lambobi 0 zuwa 9 a gaba, in ya danna 36 sai ta tafi fayil na 36. Amma sai an jera surorin daidai, 001 har 114, ki zuba su a jere a mamorin da babu komai, don wasu injinan tsarin da aka zuba suke bi ba suna ba.

Malamin Islamiyya: Wannan gaskiya ne. Tawa Yasin na nema ta kawo min Faɗir saboda mai turawar ya sa wata ƙasida a farko.

Ɗan Maraɗi: iPod shuffle ita ce maganin wannan, babu allo, madanni zalla, ka maƙala a riga

Mai Gyaran Waya: Apple sun daina yinta tun 2017 malam, duk wadda ka gani yau batirinta ya tsufa a kwali, kuma bata cin mamori, sai da iTunes a kwamfuta ake zuba mata abu. Wa zai yi wa Baba wannan?

Ɗan Maraɗi: Tawa tana aiki har gobe

Mai Gyaran Waya: Allah ya bar maka ita, amma ba a ba mutum shawara da sa'a

Uwar Biyu: Ni SanDisk Clip Jam ce da ni ta tattaki da safe, 8GB, tana cin mamori, ga FM, ga maƙali a baya, caji ɗaya yana min kwanaki. Sai dai bata da sifika dole iyafis, kuma tsofaffinmu basu son abu a kunne.

Autar Baba: Ai kam, cewa yake yana hana shi jin kiran salla

Bazazzagi: Maganar ragin nan kuma, ku riƙa duba farashin tun kafin a fara ragin. Wasu masu shago sai su rubuta tsohon kuɗi mai tsada su ja masa layi, alhali abin bai taɓa kai haka ba.

Mai Gyaran Waya: Da mamorin da ake haɗawa kyauta, nan ne cutar take. A rubuce 64GB, ka zuba kaya ya nuna ya shiga, gobe rabin fayilolin sun ƙi buɗewa. Kuma yawancin ƙananan nan 32GB ne iyakarsu, kuma mamorin ya zama an yi masa fomat a tsarin FAT32. Baba ma baya buƙatar mai yawa, minti ɗaya na MP3 mai kyau kusan 1MB ne, 8GB na gaske ya ɗauke Alƙur'ani duka da tafsirin azumi har da saura.

Ɗan Sahu: Oga in kawo maka tawa ko za ta tashi?

Mai Gyaran Waya: Mai kumburarren batir? Fitar da ita daga ɗaki ma tukun, kar ka sake jona ta a wuta

Malamin Islamiyya: Wanda ke da cikakken karatun Warshu mai sauti tas dan Allah ya min magana ta gefe

Ɗan Maraɗi: Akwai a wajena Malam, bayan isha

Autar Baba: To ita mai lambobin tana riƙe inda aka tsaya in an kashe?

Mai Gyaran Waya: Wasu na yi wasu basa yi ko da kwalinsu iri ɗaya ne. Ki shiga Farm Centre ko Sabon Gari da mamorinki a hannu, ki sa a gaban mai shagon, ki bari ta yi minti biyar ki kashe ki kunna ki ji daga ina ta tashi.

Autar Baba: Ngd sosai Yaya, Asabar zan shiga in sha Allah. Zan tafi da Baban ma ya latsa da hannunsa.