Neman kalmar Hausa: me za mu kira "resolution" a darasin wankin hoto?

Malamar_Sana'a: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Agaji nake nema da gaggawa. Ranar Asabar zan fara koya wa 'yan mata wankin hoto a gida da ƙaramar firinta, na fasfo da na biki, kuma jibi dole in kai takardar darasin fotokwafi. Komai na fassara, kalma ɗaya ce ta gagare ni: resolution. Jimlar cewa take, in ana son hoto ya fito da kyau a takarda, resolution ɗinsa ya kai 300 a kowane inci. Na sa "ingancin hoto" na goge, don inganci ya haɗa har da takarda da tawada. Yawancin yaran a ƙaramar sakandare suka tsaya. Me zan rubuta?

MaiHoto_Fagge: Wa alaikumus salam Malama. Mu a shago kwaliti muke cewa. In ya yi ƙasa sai mu ce wa mai shi hotonka zai fashe. Ban taɓa ganin wanda bai gane ba.

Ummu_Hanan: Kaifin hoto fa?

Injiniyan_Zariya: Kaifi ba zai yi ba Hajiya. Waya takan ɗauki hoto mai 4000 a tsawo, 3000 a faɗi, amma hannun mai ɗauka ya girgiza, hoton ya fito dishi-dishi. Lambar tana nan cif, kaifi babu. Abin da Malama take nema ƙidaya ce: ƙananan murabba'an da suka haɗu suka yi hoton, guda nawa ne suka faɗa cikin inci ɗaya na takarda. Fo-bai-sikis da ake wankewa, inci 4 da inci 6 ke nan, a kan 300 yana buƙatar 1200 da 1800. A4 kuwa 2480 da 3508. Kalmar da za a zaɓa sai ta iya ɗaukar lamba a bayanta. Ba a cewa "kaifi 300".

Tsohon_Hedimasta: Madalla da Injiniya, ya sauƙaƙa mana aiki. Tunda ɗigo-ɗigo ne ake ƙirgawa, kalmar a fili take: ɗigantaka. Yadda muka samu dangantaka daga dangi, haka za mu samu ɗigantaka daga ɗigo. "Ɗigantakar hoton nan 300 ce." Ta ɗauki lamba, ta zauna a baki, kuma babu ƙamshin Turanci a jikinta. Kwaliti da ɗana na Fagge ya kawo kuwa, Allah ya sawwaƙe. A rubuta wa 'ya'yan Hausawa takardar darasi a sa musu kwaliti?

MaiHoto_Fagge: Allah ya gafarta Malam, ni fa abin da ake faɗa a kasuwa na kawo. In na ce wa amarya ɗigantakar hotonki ta yi ƙasa, cewa za ta yi zaginta na yi.

Ummu_Hanan: Wallahi Baba ni da na karanta, ɗingishi ne ya fara zo mini a rai 😂

Tsohon_Hedimasta: Kowace sabuwar kalma da dariya ake tarbarta, 'yata. Jirgin sama ma wani ne ya fara faɗa. Da lalaci irin na yanzu aka yi, da har yau "eroflen" muke cewa.

Injiniyan_Zariya: Baba, ba don dariya nake ƙin ta ba, akwai wata matsala. Ɗigo yana da aikinsa daban a wannan darasin. A jikin kwalin firintar Epson L805, wadda masu hoto da yawa suke amfani da ita, an rubuta 5760 da 1440. Wannan ɗigon tawada ne, feshin da kan firinta yake yi. Firintar kala shida gare ta kawai, don haka kafin ta fitar da kalar fatar mutum a murabba'i guda sai ta jera ɗigo da yawa na kaloli daban-daban kusa da juna, ido ya haɗa su. Ke nan 300 na hoto daban, 5760 na firinta daban. In muka kira su duka ɗigo, yarinya za ta ga 5760 a kwali ta ɗauka hotonta na 300 bai kai ba, ko ta ɗauka kowane tarkacen hoto ta sa firintar za ta gyara shi. Turawan ma suna cakuɗa dpi, wato ɗigon tawada a inci, da ppi, wato murabba'an hoto a inci, kada mu gaji rikicinsu. A bar wa tawada ɗigo. Shi pixel, wato ƙaramin murabba'in nan na hoto, a nema masa wani suna. Ni ƙwayar hoto nake cewa.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum. Ina tare da Injiniya, kuma akwai rabo na biyu. Mu nan da muka koyi aikin da Faransanci kalma biyu gare mu: définition, wato jimillar ƙwayoyin da ke cikin hoton, da résolution, wato nawa ne cikin inci. Turancin Ingilishi ne ya haɗa su a kalma guda. Hoto ɗaya mai 4000 da 3000, in ka wanke shi inci 13 da 10 kana wajen 300, in ka ja shi ya zama allon talla na bakin hanya sai ya koma ƙasa da 30, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba. Malama ta sa kalma biyu: yawan ƙwayoyi, da cunkoson ƙwayoyi.

Tsohon_Hedimasta: To ga shi nan. Muna ƙoƙarin fita daga hannun Ingila, an kawo mana Faransa. Ɗana, Hausar rubutu tana da ƙa'ida, kuma an san inda aka daidaita ta. Sannan ƙwaya? A wannan zamanin a tara 'yan mata a ce za a koya musu lissafin ƙwaya?

Ɗan_Damagaram: Baba da girmanka. "An san inda aka daidaita ta" ɗin nan ne ban gane ba. Hausar Damagaram da Maraɗi da Tawa ba aro muka yi daga Kano ba. Kuma ni ban ce a ɗauki kalmar Faransanci ba, cewa na yi abu biyu ne, a ba su suna biyu. Kullum aka zo neman kalma a zauren nan, in shawara ta fito daga Nijar sai an tuna mana da Faransa.

Basakkwace01: Faɗa musu dai. Mu ma haka suke muna.

Ummu_Hanan: Ƙwayar ido fa Baba? Ƙwayar hatsi? Ƙwayar zarra? Don 'yan shaye-shaye sun ɓata kalma ba za mu bar musu ita ba.

Ɗalibar_BUK: Ni tambayata ga Baba ita ce, shi "hoto" ɗin da muke ta faɗa daga ina ya zo? Daga photo ne. Inci ma aro ne, alƙalami daga Larabci. An yi shekaru ana tura mana "na'ura mai ƙwaƙwalwa", yau ko a rediyo kwamfuta ake cewa. Ita kanta pixel ƙirƙira ce ta shekarun 1960, gutsuren kalmomi biyu aka haɗa. A rubuta fiksel kawai a wuce wurin. Yaran nan duk sun san megafiksel, da shi suke cika baki a kan wayoyinsu.

Tsohon_Hedimasta: Abin da kakanni suka ara sun tauna shi kafin su haɗiye, shi ya sa hoto ya zama namu har ya haifi hotuna. Ku kuwa haɗiya kuke yi da ɓawo. Meye jam'in fiksel? Fiksaloli? Kuma har yanzu ban ji wanda ya kawo aibin ɗigantaka ta fuskar nahawu ba.

Ɗalibar_BUK: Akwai, Baba. Wannan ɗafin hali ko matsayi yake nunawa, kamar jaruntaka da 'yan'uwantaka. Ɗigantaka za ta ba da ma'anar kasancewar abu ɗigo, ba yawan ɗigo ba.

Tsohon_Hedimasta: Yaran jami'a.

Mai_Kula_da_Zaure: Jama'a a yi haƙuri a dawo kan hanya. Maganar Kano da Nijar a buɗe mata wani zaren. Malama jibi za ta kai aiki.

MaiHoto_Fagge: Malama, ko me kika zaɓa, ga abin da zai fi yi wa yaran amfani, don shi ne ke haɗa mu faɗa da kwastoma kullum. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana rage shi, tsawonsa ya dawo wajen 1600. A fo-bai-sikis zai wuce lafiya. A kan A4 kuwa 1600 a raba da inci 11.7 bai kai 140 ba, sai ki ga gefen mayafi ya yi tsani-tsani, fuska ta yi kamar an shafa ta. Su ce wa mai hoto ya turo shi a matsayin dokumen, ko su ɗauka da waya ta kebul. Kuma shiga kwamfuta a canza lambar daga 72 zuwa 300 ba ya ƙara komai in ƙwayoyin ba su nan.

Abu na biyu, yawancin wayoyi 4 da 3 suke ɗauka, takardar fo-bai-sikis kuwa 3 da 2 ce, dole a yanke wani wuri. In ba su yanke da hannunsu ba firinta za ta yanke da kanta, kuma ɗaurin ɗankwalin amarya take fara ci. Na uku, hoto yakan fito da duhu fiye da yadda yake a allo, don allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai hasken ɗaki ya sauka a kanta. Su rage hasken allon kafin su yi gyara, su gwada a ƙaramar takarda tukuna. A cikin saitin firinta su zaɓi irin takardar da suka sa, mai sheƙi ko marar sheƙi, in ba haka ba tawada ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Lokacin hunturu su riƙa rufe ta saboda ƙura, kuma ko babu aiki su fitar da wani abu duk mako, kada tawada ta bushe a kan da yake fesa ta.

Injiniyan_Zariya: Kun lura MaiHoto da kansa ya ce "ƙwayoyin"? Ta kama ke nan.

MaiHoto_Fagge: Don ku gane ne Injiniya. Gobe a shago kwaliti zan ce.

Malamar_Sana'a: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta. Pixel na sa ƙwayar hoto, na ƙara da cewa ita ce fiksel da suke ji a megafiksel. Jimilla na sa yawan ƙwayoyin hoto. Na bar wa tawada ɗigo. Cunkoso ne ban natsu da shi ba, ɗan'uwa na Damagaram, don a kunnen yaran abu ne marar kyau, ga shi ina so su nemi mai yawa. Sai na kauce wa sunan gaba ɗaya, jimlar ta koma: "A tabbatar kowane inci na takarda ya samu ƙwayar hoto 300, in ya gaza 200 hoton zai fara fashewa." Kan babin ne har yanzu babu suna. MaiHoto, bayaninka zan sa shi a shafi na biyu in ka yarda.

MaiHoto_Fagge: Na yarda Malama, Allah ya ba da sa'a.

Ɗan_Damagaram: In cunkoso bai yi ba, cikar ƙwayoyi fa? Amma dai rabon biyun ya shiga, shi ne muhimmi.

Tsohon_Hedimasta: Wato an zagaye kalmar, ba a fassara ta ba. Jimlar dai Hausa ce, ba ni da ja a kanta, kuma gara ƙwaya da kwaliti. Amma kan babin da ya rage, 'yata, ki sa ɗigantaka ko da fensir ne, ki ga ko yaran za su riƙe.

Malamar_Sana'a: Baba, "Ƙwaya nawa a inci?" na sa a kan babin. Zan dai faɗa musu taka a aji, in sun ɗauka zan dawo in sanar.