Kakan surukina daga Poland ya zo Amurka: in biya mai bincike ko mu je da ƙafarmu?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum. Ina zaune a Chicago, maiɗakina Ba'amurkiya ce. Kakan mahaifinta ya sauka a tsibirin Ellis na New York, inda ake tantance baƙi masu shigowa Amurka a da, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mun ga sunansa a takardar fasinjojin jirgin ruwa, amma a gurbin ƙasa Ostiriya aka rubuta, alhali yaren Poland yake yi har ya rasu. Sunan ƙauyen kuwa tawada ta cakuɗe, harafi uku kawai muke iya karantawa. Surukina ya haura tamanin, ba shi da buri sai ya ji sunan ƙauyen nan. Wani mai binciken asalin zuriya ya nemi dala 600. In biya shi, ko in tara kuɗin mu je can?

Mai Tasi na Bronx: Wa alaikumus salam. Ku yi gwajin DNA kawai Alhaji, dala 99 na biya.

Maman Sadik: An tsuga maka. Dala 59 na saya lokacin rangwame.

Malama ta Hamburg: Yawun gwajin DNA ba ya faɗin sunan ƙauye. Baban Hanifa, takardar ba ta yi kuskure ba. Daga 1795 zuwa 1918 babu Poland a taswira, Rasha da Furushiya (tsohuwar masarautar Jamusawa) da Ostiriya sun raba ta. Yankin Ostiriya shi ake kira Galisiya, yau rabinsa yana cikin Yukren. Kana iya sauka a Krakow ta Poland alhali ƙauyen yana kusa da Lviv ta Yukren. Nemi takardarsa ta zama ɗan ƙasar Amurka, waɗanda aka yi bayan 1906 suna ɗauke da wurin haihuwa. In daga Hamburg jirgin ya tashi, rajistar fasinjojin Hamburg tana nan, har da garin da mutum ya baro. Ta tashar jirgin ruwa ta Bremen ce akasari ta salwanta. Fara da FamilySearch, shafin intanet na binciken asali, kyauta ne.

Ɗan Bukuru: Kar ka ba kowa sisi. Kakata 'yar wani Baturen kuza ce, ya koma ƙasarsu tana goye. Abin da ya bari agogon aljihu ne da hoto ɗaya, yana tsaye da hular kwano. Mahaifiyata ta naɗe su cikin tsohon zani a ƙasan adaka shekara da shekaru. Na biya wani a Ingila fam 800, bayan wata bakwai ya turo mini shafi biyu na ƙidayar jama'ar Ingila ta 1921, abin da kowa zai iya buɗewa da 'yan kuɗi kaɗan. Da kaina na gano sunan a jerin fasinjojin jirgin Liverpool zuwa Legas, na bi har na samu jikarsa. Na rubuta mata cikin ladabi, na haɗa da hoton. Amsarta layi biyu: ba su san mu ba, kar in sake. Ban iya faɗa wa Hajiya ba, ta rasu tana tambayata ko wasiƙa ta zo.

Maman Sadik: Allahu Akbar. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Malama ta Hamburg: Amin. Amma Yaya, mutum ɗaya ya cuce ka. Wata ƙawata yuro 250 ta biya, aka samo mata rajistar coci da Latin har kaka huɗu.

Ɗan Bukuru: Ƙawarki, ba ke ba. Wanda ya ci wuta shi ya san zafinta.

Malama ta Hamburg: Shekara biyu na yi ina taya ta karanta takardun nan. Kuma rajistar Ingila daban, ta Galisiya daban.

Mai Tasi na Bronx: Alhaji in an gano gonar dankali a can, a tuna da mu a rabon gado.

Baban Hanifa: Na gode duka. Ɗan Bukuru, labarinka ya taɓa ni ƙwarai. Malama, wace hukuma ke riƙe da takardar zama ɗan ƙasan?

Kawu na Zinder: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Bature ya san ranar da kakansa ya hau jirgi shekara ɗari da suka wuce, mu fa? Tambayi yaro sunan kakan kakansa ka ji shiru.

Maman Sadik: Wallahi Kawu. Innata cewa take an haife ta shekarar da Sarauniya ta zo, sai da na duba na ga 1956 ce. A fasfo kuma 1 ga Janairu aka sa mata, da takardar rantsuwa.

Ɗan Bukuru: Mu wasiƙun ajami na kakanmu na wajen uba gara ce ta cinye su a zaure, buhu guda.

Kawu na Zinder: Gwaggona ce kaɗai ta rage mai iya jero zuriyarmu. Sau uku ina cewa zan ɗauki muryarta a waya in na je gida, 'yan'uwa na cewa me za a yi da shi. Bana da Sallah in Allah Ya kai mu, ko sun so ko sun ƙi, sai na zaunar da ita.